Kitson Kakan Oga

Akwai wata rana da har gobe ba ta fita a raina ba, kuma ba na jin za ta fita. A lokacin ina tuƙa wani dattijon injiniya ɗan Chana, wato ƙasar Sin, da ke duba aikin hanya a wajen Rigachikun. Ya daɗe a Kaduna, Hausarsa ba ta nuna ba amma ana fahimta.

Ni kuwa tun ina yaro a Doka na ƙoshi da finafinan Chana, har na ɗauka kowane mutuminsu ya iya tashi sama. Ranar da na kama aiki ma sai da na tambaye shi, "Oga, don Allah ka iya faɗa?" Ya yi dariya har da tari, ya ce bene ma da ƙyar yake hawa.

Rannan ruwan sama ya tsare mu a Mando, titi ya cika, na faka a gefe. Don rage zama sai na kunna fim a waya. Aka zo wurin da sojoji suka tare wani malamin faɗa a ƙofar gari, suka danne shi, suka datse masa dogon kitsonsa da almakashi. Na kai yatsa zan wuce wurin, don ni dambe nake jira, sai na ji an riƙe min hannu ta baya.

"Bari," in ji Oga. "Maida."

Na maida. Da na waiga, ya cire tabarau, idonsa ya yi ja. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata masa rai, aiki ya tafi.

"Oga, in kashe ne?"

"A'a. Haka aka yi wa kakana."

Da baki da hannu ya yi min bayani. Sarakunan ƙarshe na ƙasarsu ne suka tilasta wa maza wannan kitso, wanda ya ƙi yana iya rasa kansa. Da sarauta ta faɗi, sababbin masu mulki suka ce kitson alamar bauta ne. Kakansa manomi ne, ya kai kayan lambu kasuwa, aka kama shi aka datse. Ya dawo gida ya shige ɗaki, ya daɗe bai fito ba don kunya.

Abin ya ɗaure min kai. Na ce, "To ba 'yanci aka ba shi ba?"

Ya girgiza kai. "Wanda ya sa kitso bai tambaye shi ba. Wanda ya yanke ma bai tambaye shi ba."

Na yi ta jero masa tambayoyi har ruwa ya ɗauke: me ya sa a irin finafinan nan kullum ake rufe makarantar malamin faɗa, su wane ne baƙin da ake nunawa masu bindiga? Ya ce tashi sama dai ƙarya ce, amma sauran kusan duk an yi.

Ƙarshen makon na tafi ƙauyenmu a Katsina, na zauna gaban kakata na ce, "Kaka, wane canji kika gani da idonki?" Ta dube ni ta ce, "Sai yau, ɗan nan?" Muka wuni tana magana. Ba ta ƙara shekara ba Allah ya karɓi abarsa.

Tun daga nan na gane duk canjin da ake ba da labarinsa a jikin wani ya sauka. In kana da tsoho a gida, ka tambaye shi tun yana iya amsawa.