Kajina da simintin Inna

Shekarun da kuɗin mai suka fara isowa Batsari, ƙanena ya samu aikin lebura a wajen masu gina titi. Da albashinsa na farko ya sayi siminti, ya sa aka daɓe tsakar gidanmu tun daga bakin zaure har madafa. Inna ta yi murna ƙwarai. Sau biyu take share daɓen a wuni, ko tsinke ba ta yarda ta gani a kai.

Ni kuwa ina da kaji, kuma damina ta faɗi. Maƙwabcinmu ya shuka kuɓewa a bayan katanga, ya rantse duk kazar da ta tona masa shuka sai dai mu same ta a tukunya. Dole na tsare su a gida. Kaza ba ta da haƙori, tsakuwar da take tsinta ce ke niƙa mata dawa a ƙundu. To, ina tsakuwa a kan siminti? Suka fara ramewa, ƙwai ya ja baya.

Na ce zan ɗebo yashin rafi. Inna ta ce, "A kan daɓena? Kai dai ba ka son a ga gida fes."

Ƙanena ya ce, "Yaya, bar wahala, tsakuwa ai a wajenmu take." Ya kawo ta cikin buhu, baƙa ƙirin, tana warin kwalta. Na hana shi, amma ina fita masallaci ya zuba musu a lungu.

Ba a jima ba babbar kazata ta kwanta, sai da muka yi saurin yanka ta. Inna da kanta ta tsaga ƙundun, ga baƙin abu ya cakuɗe a ciki. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ai da ka yi magana."

Inna lillahi! Ba ita ta hana ni ɗebo yashin rafi ba? Amma uwa ce.

Washegari na ɗaura wa jaki mangala, na ɗebo yashi mai tsakuwa daga rafi, na wanke, na zuba a fasasshen kasko bayan rumbu. Sauran kajin suka farfaɗo, alhamdu lillahi. Inna ba ta hana ba, amma duk ƙwayar da suka watso kan daɓenta sai ta tsince ta mayar cikin kaskon, tana mita da sunana.