Abin da Ya Fito Daga Dutsen Jidda

A shekarun da nake yi wa alhazai tafinta a Jidda, na ga akwatin gilashi a shagon wani Bayamale, da ruwan teku da duwatsun murjani a ciki. Matata 'yar makiyayan Bobi ce, ba ta taɓa ganin ruwan da ba a hango tsallakensa ba. Sai na sayo ƙaramin akwatin, da buhun gishirin teku, da duwatsu biyu a jiƙe cikin leda, da kifi guda. Kifin bai iso Kano da rai ba.

Duwatsun kaɗai muka ajiye a ɗakinta a Kontagora, da ɗan injin busa iska da nake jonawa da batirin mota idan an ɗauke wuta. Bayan wasu makonni ta kira ni ta ce dutsen ya haihu.

Gaskiyarta. Ga wata tsutsa mai buɗe kai kamar mafici, ga 'yan dodon koɗi da ba su kai ƙwayar dawa ba, ga wasu masu tsalle kamar ƙuma. Kowace safiya takan tsuguna ta duba su yadda mahaifinta ke duba garke, har ta raɗa musu sunayen shanu da Fulatanci. Ni kuma ina gaya mata abin da na ji masunta na kiran su a Kwatano ko a Jidda.

Ɗaya ne ya gagare ni. Hannaye ne sirara kamar zare, masu ratsin baƙi da fari, suna leƙowa daga rami, jikin kuwa ba ya fitowa. Ita takan ce masa amarya.

"Alhaji, harshe biyar a bakinka, amma amarya ta fi ƙarfinka?"

Na tambayi Banufen da ke sayar da kifi a kasuwa, ya ce kogi ba ya haifar irin wannan. A Legas ma na tambaya, aka yi mini dariya.

Da lokacin aikin hajji ya zagayo, matata tana fama da ciwon da muka ɗauka ciwon shawara ne. Daga kwance ta ce kada in dawo mata da atamfa, sunan amarya take so. Bayamalen ya saurari kwatancena, ya ce abu biyu ne ke yin haka. Idan hannayen biyar ne, tauraron teku ne ƙarami. Idan sun fi haka, tsutsa ce. Ya ce in je in ƙirga.

A filin jirgin Kano ƙanena ya tare ni da labarin rasuwar matata. An riga an binne ta.

Da na iso gida, yayarta ta shigar da ni ɗakin. Kamar yadda aka saba, ta wanke kayan mamaciya kafin rabo: tufafi, kwanuka, tabarmi. Akwatin ma ta zubar da ruwansa. Gansakukar da ke jikin duwatsun ta ɗauka dauɗa ce, ta dirje su da sabulu da ruwan rijiya, ta shanya a rana.

"Ka ga yadda suka yi fari, Alhaji? Tun da ta kwanta ba wanda ya wanke mata su."

Hannuwanta duk sun sassale, don murjani yana da kaifi. Na ce Allah ya saka mata da alheri.

Bayan ta fita na ɗauki dutsen, na nemo ramin, na zura tsinken tsintsiya a hankali. Ba abin da ya fito sai ƙamshin sabulu. Na je Jidda sau da yawa bayan haka, na ga taurarin teku da tsutsotsin duka a shagon Bayamalen, kowanne ya yi kama da amarya. Wadda ke duba ta kowace safiya ce kaɗai ta san hannayenta nawa ne.