Hannun Da Ke Kan Tebur

A masana'antar sikeli ba mai kiransa da sunan yanka, Sarkin Hantsaki ake ce masa. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne: ya sa hantsaki ya ɗauki siririn farin dutse mai kama da gilashi, wanda bai fi ɓawon albasa kauri ba, ya dasa shi a cikin sikeli. In aka ba dutsen wuta sai ya riƙa kaɗawa, in nauyi ya danne shi kaɗawar ta canza, na'ura ta fitar da lamba. Ko gashin ido ka ɗora sai ta faɗa. Da hannun nan ya gina ɗaki biyu, ya aurar da 'ya, ya sama wa matar marigayi ƙanensa aikin gwada sikeli kusa da shi.

To, bana hannun ya fara rawa. Bawan Allah ya daina shan shayi a gaban mutane. Ya zagi hannun, ya roƙe shi, ya zauna a kansa, a banza. Ƙarshe ya samo dabara, ya riƙa danne wuyan hannun a kan tebur. Ya manta katako ɗaya ne ya haɗa teburinsa da na matar ƙanen nasa.

Duk sikelin da ta gwada sai lamba ta ƙi tsayawa. Shi ya gano dalili, amma tsoro ya ɗinke masa baki. In aka kore shi, da furfurar nan wa zai ɗauke shi aiki?

Ran nan manaja ya zo ya tsaya a kanta, fuska ba annuri.

"Wannan ne gwaji na ƙarshe. In lamba ta sake rawa, ki ajiye rigar aiki."

Ta ɗora ma'auni, lamba ta hau tsalle. Ta juyo wajen Sarkin Hantsaki, idonta ya cika taf.

"Yaya, don Allah duba mini. Marayun ƙanenka me zan ce musu?"

 Sarkin Hantsaki ya ɗaga hannunsa daga tebur, lamba ta tsaya cak. Ya mayar, ta ci gaba da rawa. Ya sake ɗagawa, don kada manaja ya ce bai gani ba.

"Ranka ya daɗe, aikinta lafiya lau, hannuna ne."

Ya miƙa masa hantsakin, amma kafin manaja ya kai hannu ya suɓuce ya faɗi ƙasa.