Sunan Mai Gida

Ina gama kwaleji a Madawa na samu aiki a wani furoje, wato aikin raya karkara, na jera duwatsu a kan tudu don tare ruwan sama. Bayan fari ne, ladan aikin hatsi ne da mai. Ni ce tafinta tsakanin mutanen ƙauye da wani mushe, wato ma'aikaci ɗan boko, da ya zo daga Yamai da ordinatar, injin da zai buga katin karɓar hatsi.

Ranar farko ya ce mini, "Injin nan ba shi da hankali, abin da kika jiyo shi zan koya masa. Ki tambaya, ki sake tambaya. Kada ki ɗauka kin gane."

Na ce masa Hausa dai ba shi zai koya mini ba.

A takardarsa ta Faransanci akwai layin shugaban iyali. Na fassara shi "mai gida", na wuce. A ƙauyen Garhanga mata ne suka cika layi, maza sun tafi ci-rani. Wata dattijuwa mai jikoki uku ta matso.

"Inna, sunan mai gida?"

"Shina kurmi, can kudu, ɗiyata. Shekara ukku ko saƙo babu."

"Sunanshi na tambaya, ba inda shike ba."

Ta sunkuyar da kai, don mace ba ta kama sunan mijinta. Maƙwabciyarta ta faɗa mini shi, ta ƙara da cewa, "Madmazel 'yar boko sauri takai, ko tuwo ta bari bisa wuta?" Aka yi dariya. Na rubuta, na ce ta gaba ta matso.

Tsawon wata guda matan suna ɗaukar dutse a ka. Ranar rabo katuna suka fito da sunayen maza, mai sito kuma ya ce umurninsa ɗaya ne: mai suna kaɗai ke karɓa. Dattijuwar ta tsaya gabana da buhu wayam.

"Mi kika rubuta, ɗiyata?"

Na tafi wurin mushe ina faɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Kin tambaye su wa ke ɗaukar dutsen? Wa ke ciyar da gidan?"

Ban tambaya ba.

Gyaran sai da sa hannun Yamai, ya ci makonni. Da sababbin katuna suka iso, ni na riƙa kiran suna. Na kira na dattijuwar sau uku. Maƙwabciyar ce ta amsa, wannan karon ba dariya: wai dattijuwar ta ɗaure ƙofarta da igiya, ta yi kudu da jikokin a ƙasa.

Katin yana cikin akwatina har yau. Sunanta ya fito daidai.