Malam Maharazu Tarai da Tauraro Mai Dusashewa

An haifi Malam Maharazu a garin Tarai ta ƙasar Kibiya a shekarar 1948. Mahaifinsa Lado manomi ne, sunan mahaifiyarsa Jumai.

Karatu, Aiki da Iyali

Ya yi firamare a Rano, ya sami shaidar malanta a 1970, ya kuma koyar da lissafi har zuwa ritayarsa a 1999. A 1973 ya auri Malama Huseina, wadda ta sha cewa mijinta ya fi sanin halin sama da halin gidansa.

Nazarin Tauraro

Bayan ritaya ya duƙufa kan Algol, tauraron da haskensa ke dusashewa kusan duk kwana uku. Da ido yake kwatanta shi da taurari biyu na kusa, ya ba haskensa maki, ya rubuta sunan rana, sa'a da kwanan watan Musulunci. Burinsa shi ne ya fitar da ainihin tsawon lokacin da ke tsakanin dusashewa biyu. Shekara goma ya yi a kai.

A 2009 ya kai littattafansa wata jami'a, inda wani malami ya gwada su da awon na'urar auna haske. Lissafin bai zo ɗaya ba, malamin ya yanke hukuncin cewa idon dattijo ba abin dogaro ba ne. Wannan magana ta yi masa ciwo ƙwarai. Abin da ya ce wa iyalinsa kawai shi ne, "Ban rubuta abin da ban gani ba." Bai sake ɗaga kai ya duba tauraron ba.

Rasuwarsa

Ya rasu a Tarai a 2011 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarsa a maƙabartar garin. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Amiru, Ramalan, Jannatu da Barira, malamar kimiyya a Rano.

Barira ce ta gano cewa mahaifinta da ganin wata yake ƙirga kwana, alhali malamin jami'ar ya bi kalandar bango ne wajen juya kwanakin zuwa na Turawa, ganin wata da kalandar kuwa sukan saɓa da kwana guda a wasu watanni. Da ta bi sunayen ranaku ta gyara, lissafin idonsa da na na'urar suka dace, bambancin bai kai minti guda ba. A lokacin ya yi wata bakwai a kabari. Allah Ya jiƙansa da rahama.