Mun Juya Ka Gabas, Baba Barmo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Oktoba, 2024, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Barmo Muhammad Sani, mutumin Kano, a wani asibiti a nan Guangzhou, bayan ya sha fama da ciwon hanta. Ni Dogara, mai ɗaure kwalaye a ofishinsa na aika kaya da ke ginin kasuwar Tianxiu, ina gefensa ya cika.

Baba, ranar da na sauka garin nan, na duba inda rana take fitowa, na shimfiɗa kwali na tayar da sallah. Ka bari har na sallame, sannan ka kama kafaɗuna ka juya ni kamar buhu. Ka ce, "Ɗan nan, ai kun wuce Makka a jirgi kana barci. A nan gabas ɗinmu yamma take." Duk baƙon da ya zo daga gida haka kake yi masa, kana dariya, kafin ma ka tambaye shi kayan da ya zo saya.

Ɗan kasuwa ya kwanta ciwo a masauki, kai ne da kwanon tuwo a ƙofarsa. Shekarar da Hajiya Balkissa ta Maraɗi ta kasa zuwa sari, da ƙafarka ka je kasuwar Xintang, ka zauna kana jan zip ɗin wandunan da za ka saro mata ɗaya bayan ɗaya, har mai shagon ya gaji ya kawo maka shayi.

Ba zan rage wa asibitin nan haƙƙinsa ba. Akwai tsabta, allura ba ta makara. Amma da jikinka ya yi nauyi, likita ya ce a mayar da kai ɗakin na'urori, a zura maka bututu a maƙogwaro, kuma can ba a barin kowa ya zauna. Abdulhakeem, ɗalibin da ke mana tafinta, ya faɗa maka. Ka ce, "Tambaye shi, zai tashe ni?" Likita ya sunkuyar da kai. Ka ce, "To in sun toshe bakin, da me zan yi Kalma?" Matarka, Hajiya Halimatu Sadiya, ta amince ta waya daga Kano, tana kuka. Suka bar ka tare da mu, suna ba ka maganin rage zafi.

Ranar Larabar, Abdulhakeem yana aji. Muryarka ta yi ƙasa sosai. Ka ce, "Dogara, juya ni gabas."

Na faɗa wa wayata ta fassara wa nas ɗin da ke kula da kai. Ta karanta, ta nuna taga, wai ai gabas kake kallo. Gaskiyarta, wayar ba ta san gabas ɗinmu ba. Na nuna mata ɗaya bangon. Ta dubi bututun iskarka, gajere, maƙale a bango. Ta girgiza kai ta ce, "Meyo." Babu ke nan.

Ban yi gardama ba, ban kuma saki ƙarfen gadon ba. Na sake faɗa wa wayar: yana so ya fuskanci ɗakin Ubangijinsa kafin ya tafi. Ta daɗe tana kallonka, sai ta fita. Na ɗauka shi ke nan. Can sai ga ta tana turo tukunyar iska mai taya, wata tana biye da ita. Mu uku muka juya gadon, muka kwantar da kai ta hannun dama.

Ka buɗe ido, ka ga ranar yamma a ƙofar ɗakin. Ka ce, "Yauwa." Na kira Hajiya Halimatu, na kara wayar kusa da bakinka. Na fara Kalma a hankali, ka karɓa, ka ƙarasa ta da kanka.

Ban san sunan nas ɗin ba. Allah Ya saka mata.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba Barmo, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ciwon ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarsa Saffana da ƙannenta, da 'yan'uwa na Kano da na Tianxiu. Allah Ya ba mu haƙuri.

Hajiya, kin ji Kalmar da kunnenki. Abin da ba ki gani ba, ni na gani: yana kallon alƙibla ya tafi.