Gwangwanin da Malama Marka Ta Sha da Shi

Makarantar 'yan mata ce ta jeka-ka-dawo a Bukkuyum. Ɗalibanta 'ya'yan manoma ne, wasu daga Adabka, wasu daga Yargalma, suna zaune wurin dangi don su yi karatu. Ba su da ɗakin shan magani, ba su da ma'aikaciyar jinya. Abin da suke da shi babbar randa ce a gindin dogonyaro, da moɗa ɗaya, da Malama Marka mai kula da jin daɗin ɗalibai, wadda za ta ajiye aiki a ƙarshen wannan zangon.

Kullum takan riga kowa zuwa. Ta ɗauraye randa, ta sa a cika ta, sannan ta tsaya a bakin ƙofa. Malamin horo riga da takalmi yake dubawa, ita kuwa fuska. Ta san wadda ta fito ba ta karya ba, ta san wadda aka yi wa rasuwa ta kasa faɗa.

Rahina 'yar Yargalma ce. Tana goye gubar dalma ta ɗauke yaran garinsu da yawa. Ita ta rayu, sai dai ciwon ya bar mata farfaɗiya. Innarta Hure ta ja mata kunne kada ta faɗa wa kowa a makaranta.

Wata rana lokacin tara, tana cikin shan ruwa ta yanke jiki ta faɗi. 'Yan mata suka watse da ihu, domin a gidajensu an gaya musu yawun mai farfaɗiya yana sa wa mutum ciwon. Malama Marka ce ta durƙusa, ta juya ta a kan gefe, ta tura gyalenta ƙarƙashin kanta, ta share mata baki da hannu.

Washegari sai ga gwangwanin madara rataye a jikin bishiyar. Ba wanda ya ce na wane ne, amma Rahina ta gane. Ta daina zuwa bakin randa. Ga bazara, ta wuni da ƙishirwa, leɓe a bushe. Daga baya ta fara cewa gida za ta koma.

Malama ta bi aji aji tana bayani cewa ciwon ba a ɗaukarsa. Suka ce, "Mun ji, Malama." Gwangwani dai yana nan.

Sai ta canja hanya. Ana tara, fili cike, ta ɗaga murya: "Ke Rahina, taho ki ɗebo mani ruwa. A'a, ba da moɗa ba, da wancan."

Rahina ta ɗebo a gwangwanin, ta miƙa mata.

"Sha tukuna, ɗiyata. Ni ba ni shan ruwa ni kaɗai."

Ta kurɓa. Malama ta karɓa, ta juya gwangwanin daidai inda bakin yarinyar ya taɓa, ta shanye.

Lubabatu, shugabar ajinsu, ta dafe ƙirji. "Malama! Innarmu ta ce duk wanda..."

"Ki gaishe da Inna, ki ce ta zuba ido. In na faɗi ke za ki ɗauke ni, ga ki ƙatuwa, tuwon gidanku bai tahi banza ba."

Aka yi dariya, amma ba wadda ta matso. Malama ba ta yi fushi ba. Gobe ta sake, jibi ta sake. Tsakanin nan ta hau babur har Yargalma ta lallashi Inna Hure, aka kai Rahina asibiti, aka ɗora ta kan magani. 'Yan mata kuwa suna ta jiran ranar da Malama za ta faɗi.

Har damina ta sauka. Wata rana layin moɗa ya yi tsawo, Lubabatu ta dubi Malama ta ce, "Wai har yanzu ba ki faɗi ba?"

"To mi kike jira?"

Lubabatu ta cire gwangwanin, ta ɗebo, ta miƙa wa Rahina. "Sha ki rage mani." Tun daga ranar randar ke da moɗa biyu.

Malama Marka, uwar bakin randa, ke ce kika ga magana ta ƙi shiga, ba ki yi faɗa ba, kika sa bakinki inda kowa ke tsoro. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya shayar da ke kamar yadda kika shayar. Malaman da kika bari kuwa, kowa ya duba makarantarsa; da wuya a rasa yaron da aka ware wa nasa gwangwanin.

Rahina tana ajin ƙarshe yanzu. Da aka tambaye ta abin da za ta tuna, ta ce, "Da ina zaton ni ce ciwon. Ranar da Malama ta sha, na gane ciwo ne kawai gare ni, ni ma mutum ce kamar kowa."